Zauren Gwaggo: Aiki a Birni, Gida a Kura

Wasiƙun wannan makon uku ne, dukansu daga yankin noman rani na Kura da Bunkure, kuma duk ma'aikatan asibiti ne suka aiko. Kamar kullum, mun sakaya sunaye.

Albashin ya fi, amma hanyar fa?

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni nas ce kuma ungozoma, shekaruna 32. Shekara shida ke nan ina aiki a asibitin gwamnatin jiha da ke kusa da gidanmu, ko a ƙafa ina iya zuwa. Yanzu Allah ya sa na samu takardar ɗaukar aiki a wani babban asibitin gwamnatin tarayya a cikin Kano, albashin kuma ya ɗara nawa nesa ba kusa ba. Maigidana manomi ne, shinkafa da damina, tumatur da albasa da rani, ga mahaifiyarsa tsohuwa a gabanmu. Ya ce bai hana ni ba, amma shi ba inda zai je ya bar gona. Ya ma ce zai bar mini tsohuwar motarsa. Ƙawayena suna cewa in na bar wannan dama na tafka wauta, mahaifiyata kuma ta ce titin Zariya ba wurin zirga-zirgar mace mai 'ya'ya uku ba ne kullum. Na rasa na ɗauka.

'Yarki, daga Kura

Wa alaikumus salam 'yata. Ina taya ki murna, don takardar nan mutane da yawa ke nemanta ido rufe. Kafin komai ki kai ta da kanki ofishin kula da ma'aikata na asibitin su tabbatar miki daga wurinsu ta fito. In akwai wanda ya ce sai kin kawo wani abu kafin ki kama aiki, ki riƙe kuɗinki, ɗan damfara ne.

Ƙawayenki albashi suka hango, mahaifiyarki titi ta hango, amma ba wanda ya zauna da biro da takarda. Ke matar manomin rani ce, kin san ruwan da aka sako daga madatsar Tiga ba duka ke isa gonar da ke ƙarshen layi ba: ƙasa ta sha, rana ta sha, na gaba sun tare nasu. Albashi ma haka yake. Wanda aka rubuta a takarda daban, wanda ke shigowa gida daban, kuma na biyun za ki auna.

Mu fara da motar. Daga Kura zuwa Kano kilomita 30 ne da 'yan kai, zuwa da dawowa 60 da wani abu. Tsohuwar mota in ta yi miki kirki ta ba ki kilomita 10 a lita, wato lita 6 zuwa 7 a rana. A ce lita naira 900 ce, kina fita kwana 20 a wata: kuɗin mai kaɗai ya kama tsakanin naira 108,000 da 126,000. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne, kin ga tankin motar zai ci fiye da abin da wani magidanci ke riƙe gida da shi. Ba a sa baƙin mai ba, ba a sa taya ba, ba a sa ranar da za ta mutu miki a Tamburawa ki kira bakanike ba. Kada kuma ki yi lissafin da farashin yau kawai. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ki gwada lissafin da farashi mafi muni, ki ga ko har yanzu akwai riba.

Motar haya ta fi sauƙi a aljihu, sai dai ita lokaci take ci: jiran ta cika, sauke wannan, ɗauki wancan, sannan ɗan sahu daga inda aka ajiye ki. Ba ki faɗa mini wane asibiti ba ne, alhali bambancin babba ne. Asibitin Malam Aminu Kano a kan titin Zariya yake, ta ɓangarenku. Kin wuce Karfi, Kwanar Dawaki, Na'ibawa da Unguwa Uku, kin kusa. Asibitin ƙashi na Dala kuwa yana can wajen Ƙofar Ruwa, sai kin keta gari da cunkosonsa. Wannan kaɗai na iya ƙara miki awa guda a rana.

Sai maganar duti, wadda ita ce ta fi damuna. Ma'aikacin ofis yana fita da safe ya dawo da la'asar. Ke kuwa akwai dutin yamma da ake tashi wajen ƙarfe 8 ko 9 na dare, kafin ki miƙa wa mai karɓarki marasa lafiya an ƙara rabin awa. A 2022 gwamnatin jiha ta hana 'yan adaidaita sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, don haka abin hawan dare a Kano ba abin dogaro ba ne. Ga dutin dare: wadda ta kwana tsaye a ɗakin haihuwa, ta karɓi haihuwa uku ko huɗu, idonta ya yi jajir, ba ta da hurumin riƙe sitiyari a titin da tireloli da manyan motocin tumatur daga Kwanar Gafan ke gudu a kai, balle lokacin hazo. An gyara titin, gaskiya ne, amma gyaran gudu ya ƙara wa direbobi. A nan mahaifiyarki ta fi ƙawayenki gaskiya.

Wurin ajiye mota ma kada ki raina shi. Ki tambaya: ma'aikata suna da nasu wurin daban, ko da masu jinya da 'yan dubiya ake kokawa? Ana biya? Akwai fitila da maigadi da dare? Tafiyar minti nawa ce daga can zuwa ɗakin da za ki yi aiki? Zuwa da kai ya fi aike. Ki zaɓi wata Litinin, ki fita daga gida daidai lokacin da za ki riƙa fita, ki duba agogo a ƙofar gida, ki sake dubawa a ƙofar ɗakin marasa lafiya. Wata rana kuma ki gwada dawowar dare tare da maigidan.

Yanzu fansho, wanda ba ki ma ambata ba. Tsari biyu ne mabambanta a gabanki. A jiha, bisa dokar 2006, ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashinki, gwamnati ta sa kashi 17, a zuba a asusu ɗaya na kowa da kowa ƙarƙashin hukumar amintattun asusun fansho ta jiha. Ranar ritaya za a lissafa miki garatuti da fanshon wata-wata bisa shekarun aikinki da albashinki na ƙarshe, a riƙa biyanki har ƙarshen rayuwa. Kyawunsa ke nan. Muninsa jira: gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta tarar da bashin garatuti da haƙƙin mamata na kusan naira biliyan 48, ta kama biya kashi-kashi. A tarayya kuwa, bisa dokar 2014, ana cire miki kashi 8, gwamnati ta sa 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunanki ke kaɗai, a hannun kamfanin fansho da kika zaɓa, hukumar PenCom tana sa ido. Kina ganin kuɗinki a waya, in kin canza wurin aiki asusun ya bi ki, in kamfanin bai yi miki ba kina iya sauya shi sau ɗaya a shekara. Bayan wata 60 kina zubi, an yarda ki ɗauki har kashi 25 ki sa a kafin alƙalamin bashin sayen gida. Nasa munin shi ne abin da ya taru shi za ki ci, kuma tsadar kaya tana zaizaye shi. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30.

Shekarunki shida kada ki watsar da su. Ki je hukumar kula da asibitoci ta jiha ki nemi a mayar da aikinki zuwa tarayya maimakon ki ajiye aiki, domin shekarun su shiga lissafi. Ki nemi a rubuta miki abin da zai faru da zubin da kika riga kika yi. Kada ki miƙa takardar barin aiki sai sabon wurin ya kammala tantance ki.

Ga shawarata. A shekara 32, da sauran shekaru masu yawa a gabanki, aikin tarayya na dindindin da damar ƙaro karatu abin karɓa ne, amma da sharaɗi biyu. Na farko, bayan kin cire kuɗin hanya, abincin waje da ladan mai kula da yara, abin da ya rage ya fi albashinki na yanzu da abin da za ki gani a tukunya. Na biyu, ki samu wurin kwana a birni don ranakun dutin yamma da na dare: kwatas, gidan 'yar'uwa, ko ɗaki da za ku haɗa kuɗi ku kama ku biyu ko uku. Motar kuma ki nemi abokan tafiya ku raba kuɗin mai. In sharaɗin nan biyu ba su cika ba, ki zauna inda kike ba tare da jin kin yi asara ba. Yankinku na fama da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya saboda ruwan da ke kwance shekara duka, ungozomar da ke minti goma daga gida kuwa ba ƙaramar ni'ima ba ce ga matan garin. Ki zauna da maigidan ku yi lissafin tare, har da wanda zai kwana da tsohuwa da yara. "Ban hana ki ba" ba daidai yake da "na ɗauki nauyin daren da ba kya nan" ba, ki tabbatar wanne ya faɗa.

Na tambayi fansho, aka yi mini dariya

Gwaggo barka da aiki. Ni saurayi ne ɗan shekara 26, na karanta aikin gwajin jini da fitsari. Shekara biyu ina aikin wucin gadi a wani ƙaramin asibiti a ƙaramar hukumarmu, ana ba mu ɗan abin sabulu, kullum ana cewa za a mayar da mu na dindindin. Yanzu wani asibitin kuɗi a cikin Kano ya kira ni, albashin ya ninka abin da nake samu sau uku. Da na tambayi maganar fansho sai mai asibitin ya yi dariya ya ce ko aure ban yi ba ina zancen tsufa. Ina da babur, amma ranar da na je ganawa a bakin titi na ajiye shi, hankalina rabi a ciki rabi a waje. In karɓa?

Ɗanki, daga Bunkure

Ɗana, tambayar da aka yi wa dariya ita ce mafi hankali a cikin duk abin da aka faɗa a ɗakin nan. Dokar fansho ta 2014 ba ta tsaya kan gwamnati ba. Duk ma'aikata mai zaman kanta da ke da ma'aikata 15 ko fiye dole ne ta shiga tsarin: a cire maka kashi 8, mai wurin ya sa 10 daga aljihunsa, a tura asusunka cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Dole ne kuma ya yi maka inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinka na shekara ba, wadda magadanka za su karɓa in ta Allah ta kasance kana bakin aiki. Mai bin titin Bunkure zuwa Karfi zuwa Kano a kan babur bai kamata ya ɗauki wannan da wasa ba. Ka ƙirga nas-nas, masu shara, maigadi, mai karɓar kuɗi da masu ba da magani. Asibitin da ke kwantar da marasa lafiya da wuya ya gaza 15.

Kashi 10 ɗin nan albashinka ne. Wanda ya hana ka shi ya rage maka albashi, ko da bai faɗa ba. Ka koma cikin ladabi ka nemi abu uku: takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da albashi, awannin aiki da hutu, biya ta banki, kada ka yarda da hannu da hannu, da sunan kamfanin fanshon da suke tura wa sauran ma'aikata. Ka ja ɗaya daga tsofaffin ma'aikatan gefe ka tambaye shi ko saƙon shigar kuɗin fansho yana zuwa masa a waya. Akwai wuraren da ake cirewa a takarda ba a turawa.

In wurin ƙarami ne da gaske, tun 2019 akwai tsarin da mutum zai buɗe asusun fansho da kansa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa. In kana gudun riba, tun 2021 akwai rukunin asusu marar kuɗin ruwa da ake juya shi bisa ƙa'idar Musulunci, sai ka ce a sa ka a ciki. Ka sani kuma, wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, doka ta ba shi damar ɗaukar kashi 25 na abin da ya tara. A asibitin kuɗi, inda ake iya sallamar mutum da saƙon waya, wannan ma madogara ce. Abin da ka zuba a shekara 26 yana da shekara talatin da wani abu yana haihuwa. Wanda ya fara a 45 ba zai taɓa kamo ka ba.

Babur kuwa shi ne jarinka, ba za ka bar shi a bakin titi daga safe zuwa dare ba. In ɓarawo bai ɗauka ba, 'yan KAROTA masu kula da titi na iya ɗauka in an ajiye ba bisa ƙa'ida ba. Ka sa wurin ajiye shi cikin harabar asibitin a sharuɗɗanka, ka sayi sarƙa da kwaɗo mai kyau. Kada kuma ka yi tunanin ɗaukar fasinja ka rage kuɗin mai. Tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birni. Bunkure ta fi Kura nisa, zuwa da dawowa kullum zai cinye babur ɗin da ƙugunka. Ka nemi ɗaki da wani abokinka wajen Na'ibawa ko Unguwa Uku, ka riƙa zuwa gida ƙarshen mako.

Aikin wucin gadin da kake yi, shekarunsa ba sa shiga lissafin fansho, alƙawari kuma ba ya sayen buhun masara. In sun ba ka takarda da wurin babur, ka karɓa, ka buɗe asusunka ko da su ko ba su, ka ci gaba da cike fom duk lokacin da gwamnati ta buɗe ɗaukar ma'aikatan lafiya. In ko takardar ma sun ƙi bayarwa, ka gode musu ka hau babur ɗinka.

Gonata ce fanshona

Hajiya, ina gaisuwa. Ni mai ba da magani ne a asibitin gwamnatin jiha, shekaruna 54, na yi shekara 29 ina aiki. Bara aka yi mini canjin wurin aiki zuwa cikin birni. Kullum sai na yi asuba a tasha, in dawo bayan isha'i, gwiwa ta fara ciwo, rabin albashin yana tafiya a mota. Ina da eka biyu da ruwa ke shiga. Na ga yadda yayyenmu suka yi ta jiran garatuti, wasu har suka rasu ba su gani ba. Ina so in ajiye aikin in koma gona, ita ce fanshon da na yarda da ita.

Wani magidanci, daga yankin Kadawa

Malam, gajiyarka gaskiya ce, tsoronka ma yana da dalili. Amma ciwon a hanya yake, kai kuma aikin kake shirin yankewa.

Saura shekara shida ka cika 60, ka kuma cika 35 a bakin aiki. A tsarin jiha da shekaru da albashin ƙarshe ake lissafi, don haka waɗannan shidan su ne mafi tsoka a cikin duka. Kowace shekara tana ƙara maka kaso, in kuma wani ƙarin girma ko ƙarin albashi ya same ka a ciki, zai bi ka cikin fanshonka har ƙarshen rai. Fita yanzu ba za ta kai ka gaban layin garatuti da cikakken rabo ba. Layin dai za ka shiga, da rabo ƙarami.

Gona kuma ka fi ni saninta. Ka tuna 2016, da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatur cikin 'yan kwanaki, har kamfanin Dangote na Kadawa da aka buɗe a shekarar ya tsaya don rashin abin niƙa. Ka tuna shekarun da kaya ke yin yawa a Kwanar Gafan, kwando ya kasa biyan kuɗin ɗiba da na mota. Ka tuna lokutan da aka rufe ruwa don gyaran hanyoyinsa. Noman rani jari yake ci kafin ya bayar: taki, iri, feshi, leburori. Albashinka ne ke sayen takin nan yanzu, fansho ne zai saye shi gobe, ranar da gwiwar ba za ta iya shiga laka ba. Gona da fansho tare suke tafiya, ɗaya na rufa wa ɗaya asiri.

Abin yi shi ne ka rubuta wa hukumar kula da asibitoci, ta hannun shugaban asibitinku, kana neman a mayar da kai kusa da gida, Kura ko Rano ko wani wuri a tsakani. Ka haɗa da takardar likita kan gwiwar. Yawancin ma'aikata birni suke kokawar shiga, mai neman fita karkara buƙatarsa ta fi sauƙin biya. In ka samu wani a can da ke son dawowa birni, ku rubuta tare ku nemi musanya. Kafin amsa ta fito, ka nemi wurin kwana biyu ko uku a mako a gidan ɗan'uwa, ka ba babban ɗanka ko amintaccen mutum kulawar ban-ruwa.

Sannan ka fara haɗa fayil ɗinka tun yau, don ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar kama aiki ta farko, ta tabbatar da kai, duk takardun ƙarin girma, takardun albashi da ke nuna ana cire maka kashi 8, da sunan magajin da ka rubuta. Ka duba ranar haihuwarka ta zo iri ɗaya a fayil, a banki da katin ɗan ƙasa, har da yadda aka rubuta sunanka. Da yawa daga waɗanda haƙƙinsu ya maƙale, bayan rashin kuɗin gwamnati, harafi ɗaya ne ko shekara ɗaya ta saɓa a takarda. Ka yi kwafi biyu, ɗaya a wurinka, ɗaya a hannun uwargida, ka kuma nuna mata ofishin da ake zuwa. Allah ya ba da lafiya, ya sa ka ci gumin shekarunka 35 da hannunka.